Gilashi Marar Uba

Litinin, 3 ga wata, bakwai na safe

Anti, matar Yaya, ta ce in rage surutu a bakin gadonsa na asibiti, wai gajiyar da shi nake yi. To na sayi littafi. Shi dai ba zai gaji ba.

Tun ranar da ciwon nan ya kwantar da Yaya ban zauna a kujerarsa ba. In na shiga ofis benci nake ja in zauna ta gefen tebur, kamar mai jiran a kira shi. Satifiket ɗinsa suna jere a bango, duk sun zuba mini ido. Haka muka raba aiki tun kafa kamfanin nan: shi takarda, ni kasuwa. Shi ya zana, ya sa hannu, ya zauna da masu gini. Ni in sayo kaya. A gida Auta nake ko da na yi furfura. A kasuwa Zuma suke ce mini, don na taɓa sayar wa mai shagon fenti fenti.

Jiya Wakili ya kira, wato wakilin mai benen da muke gamawa. Ya tambayi jikin Yaya a gurguje, sannan ya shiga abin da ya kira dominsa. Sharaɗi biyu, kafin ƙarshen wata. Na ɗaya, benen ya sami takardar shaidar koren gini, wadda ke nuna ba ya shan wuta da ruwa kamar sauran gine-gine. Masu hayar da za su shiga sun ce babu ita, babu su. Na biyu, dole kamfani ya kasance da mutum mai satifiket na wannan fannin. Yaya ne mai shi. In ba a cika ba, bene na biyu da za a fara a filin baya, wani kamfani za a ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin abu ne." Bakina ne ya faɗa, ban aike shi ba.

Talata, 4 ga wata, biyar na yamma

Na shiga kwas ɗin neman satifiket ɗin da Wakili yake so. Ɗaki mai sanyi, kujerun roba, kowa da kwamfuta a cinya, ni da biro. Duk na haife su, har malamin. Da na shigo sai ya miƙe, ya zaci uban wani ne ya zo biyan buƙata.

Ya yi magana a kan zafin da ke ratsa bango, da fuskar da ya kamata gini ya ba rana, da ruwan da famfo ke zubarwa a minti. Abin haushi, rabin abin na san shi. Na san wane ɗaki ne ke dafa mutum da la'asar, na san wane famfo ne ɓarawo. Sunayensu ne ban sani ba. Su kuma yaran sunayen suka sani.

Na tambaya yadda jarrabawar take. Ya ce kwamfuta ce, tambaya ɗaya amsa huɗu, ka zaɓi guda. Na ce, "In mutum ya kusa fa? Babu a yi haƙuri a ƙara masa?" Aji ya yi dariya. Na bar su a kan wasa nake.

Laraba, 5 ga wata, tsakar rana

Yaya ya buɗe ido da na shigo. Anti ta ce ya gane ni. Ni ma na ce ya gane ni.

Alhamis, 6 ga wata, shida na yamma

Yau mai binciken gini ta zo, daga masu ba da takardar shaidar. Yarinya ce siririya mai hular kwano, jaka a baya, ba ta dariya sai da dalili. Na sa mata Malama Awo a raina.

Ta fara da bayi. Ta tara bokiti a famfo tana kallon agogon waya, ta rubuta. Famfunan suka ci. Ta sa aka ɗaga silin, ta haska katifar hana zafi da muka shimfiɗa ƙarƙashin rufi, ta auna kaurinta, ta rubuta. Ƙwayayen fitila suka ci. Ina biye da ita ina zuba kamar mai tallar magani. Wannan karon ba ni da abin ɓoyewa. Kafin Yaya ya kwanta sai da ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, wannan aikin abin da aka rubuta shi za ka sayo, ba ƙaninsa ba." Kuma shi na sayo. Gilashi mai tare zafin rana, na asali, wanda ban taɓa sayen mai tsadarsa ba.

Sai ta tsaya gaban taga.

"Baba, ina sitikokin gilashin?"

"Na ɓare su, 'yata. Tas. Ki duba, ko ɗigon gam ba za ki gani ba." Da alfahari fa na faɗa.

"Kun ɗauki hotonsu kafin a ɓare?"

"Hoto kuma? Ai ba taro aka yi ba."

"Akwatunan da suka zo ciki fa?"

"An ƙona."

Ta rufe biro.

Wa zai fahimtar da ita? Abin da aka fara koya mini ke nan ina yaron shago, kafin ma a koya mini ba da canji. Kaya ba sa barin hannunka da sunan inda suka fito. In mai gini ya ga sitika, gobe ya tsallake ka ya tafi can da kansa, kai kuma ka ci me? Reza, ɗan kananzir a tsumma, da farcen babban yatsa. Farcen nan nawa don haka nake barinsa. Ranar da gilasan suka iso Yaya ya riga ya kwanta, babu wanda ya ce mini kada. Yini guda na yi ina bin tagogi hawa-hawa, ina jin daɗin aikin kirki.

Na kai ta hawa na sama, ta fuskar yamma, na ce ta ɗora tafin hannu a gilashin. "Ji fa. Rana tana duka amma ɗakin kamar randa."

Ta ɗora. Ta ce, "Na ji, Baba. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ba zan iya rubuta 'Baba ya ce' ba."

Abin da take so: takarda daga wanda ya shigo da gilashin, mai nuna irinsa da lambarsa, da cewa shi ne aka kawo wannan ginin. Lambar kuma sai ta aika wa masana'anta sun tabbatar. In babu, za ta lissafa shi a gilashin gama-gari, kuma da gilashin gama-gari benen ba zai kai ba. Tagogi sun yi masa yawa.

Asabar, 8 ga wata, goma na safe

Na je wurin Gajere, wanda ya sayar mini. Tare muka yi yaron shago, shi layin ƙarfe, ni layin fenti. Ya sa aka kawo shayi, ya tambayi jikin Yaya har sau biyu, da gaske kuma yake yi.

Na ce, "Mutumina, sunan mai kayan nan nake so."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Zuma, da safen nan? Ka tambaye ni matata mana, ya fi sauƙi."

"Takarda kawai zan karɓa."

"Ga takarda." Ya jawo rasit ɗinsa ya rubuta gilashi mai kyau, ya buga hatimi. "Ko in ƙara ƙwarai da gaske?"

Na yi masa bayani daga farko. Ya saurara, ya daina dariya. Sannan ya ce, "Kai ka ɓare taka, ni ma kafin su zo hannunka na kankare sunan sito a jikin akwatunan. Wa ya koya mini kankarewa da gefen cokali? Ba kai ba? In na ba ka sunan nan, ka ba masu gini, ni da kai duka mun zama hoto."

Gaskiya ya faɗa. Da ni ne a kujerarsa, ko shayin ba zan bayar ba.

Lahadi, 9 ga wata, huɗu na yamma

Karatu. Na karanta shafi ɗaya har ya fara karanta ni.

Litinin, 10 ga wata, takwas na safe

Jiya a asibiti ina zaune ina ba Yaya labarin cewa komai yana tafiya daidai. Sai Anti ta fizge abu daga hannuna. Kwalbar maganinsa ce. Na ɓare takardar jikinta rabi, ban sani ba.

"Auta, kana da hankali kuwa? Ta yaya zan san sau nawa ake ba shi?"

Ta manna ta da yawu. Ta juya mini baya. Da ta zage ni da ya fi.

Talata, 11 ga wata, bakwai na yamma

Na tsaya wurin mai buga takardu na bayan kasuwa. Na kwatanta masa sitikar: shuɗiya, da ɗan tsuntsu a kusurwa, da rubutun da ba na iya karantawa. Ya ce zai yi mini wadda ta fi ta asali kyau. Ya ce, "Lamba fa? Wace zan sa?"

Na ce bari in je in dawo. Ya san ba zan dawo ba. Malama Awo za ta aika wa masana'anta, kuma sunan da ke saman takardun aikin nan ba nawa ba ne, na Yaya ne.

Shekara da shekaru ina sayar da ƙanin kaya da sunan yayansa, babu wanda ya taɓa tsayar da ni. Sau ɗaya na sayo na gaskiya, ga shi ya zama marar uba.

Alhamis, 13 ga wata, uku na rana

A aji yau darasin ajiye shaida aka yi. Malamin ya rubuta a allo: ka ɗauki hoton kowane kaya da sitikarsa kafin a kafa shi. Ya ce wannan shi ne mafi sauƙi a duk kwas ɗin, ko yaro ya sani. Yarinyar da ke kusa da ni ta ga ban rubuta ba, ta ce, "Baba, in rubuta maka?" Na ce na haddace.

Juma'a, 14 ga wata, shida na yamma

Wanda ba zai faɗa ba daban, wanda bai san cewa sirri ne ba daban. Na nemo direban da ya kawo kayan. Na same shi a tasha yana wanke mota. Ban tambaye shi komai ba. Na yaba tayoyinsa, na zagi masu gyaran hanya, na ce ai ranar nan ka sha wuya da gilashin nan, daga nesa haka. Ya ce wane nesa, ai bayan gadar jirgi ne kawai, sito mai jan ƙyaure, lodin ne ya ci lokaci.

Kan hanyar dawowa ban ji daɗi ba. Da can irin wannan sai in yini ina ba da labari.

Asabar, 15 ga wata, biyu na rana

Sito mai jan ƙyaure. Ga irin gilashina nan jingine, ɗaruruwa, kowanne da tsuntsunsa. Na tsaya ina kallonsu kamar na ga dangi.

Mai Sito dattijo ne mai tabarau a kan hanci, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Malam, ban san ka ba. Ban sayar maka da komai ba."

"Ka sayar wa Gajere, shi ya sayar mini."

"To Gajere ya zo."

"Ba zai zo ba."

"Na sani." Ya gyara tabarau. "Takardar da kake so tana cewa kayana suna jikin gini kaza. Ba zan sa hannu a kan ginin da ban gani ba, don mutumin da ban sani ba. Kawo mini mai ginin, ko wakilinsa. Mu je tare in ga kayana da idona, in ba shi takarda hannu da hannu."

Ya faɗa yana murmushi. Ya san akwai bene na biyu, ko bai sani ba ya sansano. Da ni ne shi, haka zan yi. Abin da ke kashe ni ke nan a makonnin nan: duk wanda ya rufe mini ƙofa, da irin makullina ya rufe.

Lahadi, 16 ga wata, tsakar rana

Sun mayar da Yaya wani ɗaki. Mutum ɗaya ake bari ya shiga.

Litinin, 17 ga wata, bakwai na safe

In na kai Wakili, benen ya sami takarda, ni kuma na nuna wa mai gini ƙofar sito, na yanka Gajere, kasuwa ta ji. In ban kai shi ba, aikin Yaya na ƙarshe

Aikin Yaya na bana, nake nufi.

Talata, 18 ga wata, biyar na yamma

Na shiga wurinsa. Na ce, "Yaya, gilashin nan na asali na sayo, ka sani ko?" Injin da ke gefensa ne kawai ke amsawa. Na ce, "Da ka gaya mini kada in ɓare." Sai na ji kunya, na gyara masa bargo na fito.

A baranda Anti ta ce, "Kullum maganarsa benen nan. Ya ce shi ne na farko da zai nuna wa jikoki ba tare da ya sunkuyar da kai ba." Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ban tambaye ta me ya sa sauran suke sa shi sunkuyawa ba.

Alhamis, 20 ga wata, huɗu na yamma

Na kai Wakili siton.

A motarsa muka je, ni a gaba ina nuna hanya kamar ɗan jagora. Mai Sito ya tarbe shi da hannu biyu, aka kawo kujera mai hannu. Ni aka bar mini buhu. Muka dawo tare, dattijon ya bi tagogi yana ƙwanƙwasawa, yana duba littafin fitar kayansa, girma da adadi duk suka yi daidai. Ya ce, "Kayana ne. Amma wanda ya ɓare sitikar nan gwani ne." Wakili ya yi dariya.

Kafin su rabu na ga sun karɓi lambar juna. Na juya ina duba wani famfo da ba abin da ya same shi.

Juma'a, 21 ga wata, sha ɗaya na safe

Na bi ta layin ƙarfe. Na yi sallama a shagon Gajere, ya amsa sallamar, don ita dole ce. Sannan ya ce wa yaronsa, "A ɗauke bencin nan, yana tare hanya." Bencin da nake zama a kai tun muna da gashi.

Mai fenti ya ce, "A'a, Injiniya, an shigo gari?" Layin duka ya ji. Babu wanda ya ce Zuma.

Asabar, 22 ga wata, shida na yamma

Gobe ba karatu, malamin ya ce a huta wa ƙwaƙwalwa. Tawa ta daɗe da tafiya hutu.

Litinin, 24 ga wata, biyu na rana

Jarrabawa. Sun karɓi waya, sun karɓi agogo, har biro. Ɗaki shiru, sai ƙarar danne-danne. Na saba in ban san amsa ba in kalli fuskar mai tambaya in karanto ta a can. Wannan ba ta da fuska.

Tambayar ajiye shaida ta fito. Ita kam na ci.

Kana gamawa take gaya maka, ba ta bari ka isa gida. Kaɗan ya rage. Na ce wa mai tsaron ɗakin, "Ɗana, kaɗan fa ya rage." Ya ce, "Ana sake zama bayan wata uku, Baba." Ya miƙo mini agogona.

Talata, 25 ga wata, tara na safe

Malama Awo ta kira. Masana'anta sun tabbatar, benen ya ci. Ta ce, "Baba, gilashinka na da kyau ƙwarai." Na ce na gode, 'yata. Ta tambayi jarrabawa, na ce ana nan ana fama. Ta ce in sake zama, wai na fi yaran sanin gini. Wannan ma ba za ta iya rubutawa ba.

Talata, bayan azahar

Anti ta kira ta ce in zo asibiti, in taho da 'ya'yansu.

Laraba, 26 ga wata

Ba yau ba.

Lahadi, 30 ga wata, biyar na yamma

Gida ya fara raguwa da masu ta'aziyyar Yaya. Anti ta ba ni makullin ofis ɗinsa da tabaransa a cikin leda. Ta ce, "Ka samu ka gaya masa?" Na ce na gaya masa benen ya ci. Na gaya masa kuwa, a kunne. Sauran ban gaya masa ba.

Wakili ya zo gaisuwa. Ya jira har muka fito bakin ƙofa, ya ce in yi haƙuri, sharaɗi sharaɗi ne, ba daga shi ba ne. Bene na biyu an ba wani kamfani. Kaya kuma kai tsaye za su riƙa ɗauka. Na ce ai haka ya kamata. Bakin nan nawa dai.

Laraba, 3 ga sabon wata, shida na yamma

Yau aka kafa allon shaidar a bakin ƙofar benen. Wakili ya ce in zo, don girmama Yaya. Allon ƙarfe ne mai sheƙi, da ganye a jiki, da sunan ginin da shekara. Na karanta shi sama da ƙasa. Ba a sa sunan magina a irinsa, haka tsarin yake.

A filin baya har sun fara haƙa. Motar sito mai jan ƙyaure tana tsaye a bakin shinge, direban ya ɗago mini hannu.

Mai hoto ya saita kyamara, sai ya ce akwai wata sitika a kusurwar allon, ta masu ƙera shi, tana ɓata hoto. Wani ya kai makulli zai kankare, Wakili ya riƙe hannunsa.

"Kada ka ƙarce shi. Zuma, zo ka cire mana. Kai ne gwani."

Ba da mugunta ya faɗa ba, na duba fuskarsa.

Na je. Ba reza, ba kananzir. Na hura mata numfashi ta yi laushi, na sa farce a kusurwa, na bi ta a hankali. Ta fito ɗungurungum, ko ɗigon gam babu. Suka tafa. Mai hoto ya ce in ɗan matsa gefe.

Ban yar da ita ba. Ga ta nan na manna a ƙasan shafin nan, da sunan masu ita da lambarsu, ko wani zai tambaya.